Bana Ku Zo Hannu Rabbana

Mu mutanen ƙauyen Machame da ke gindin dutse, duk inda neman abinci ya jefa mutum, watan Disamba gida yake dawowa. Wanda bai zo ba sai a yi ta tambaya ko lafiya. Mu huɗu Mama ta haifa. Ni Aikande ce ta biyu, kuma ni kaɗai ce ban yi nisa ba, ina koyarwa a wata firamare a Moshi. Shi ya sa duk hidimar Kirsimeti a kaina take ƙarewa.

Yayanmu Rumisha yana sayar da kayan gyaran mota a Dar es Salaam, kuma mutum ne mai son a san ya zo. Tun rasuwar Baba ya mai da Kirsimetin gidanmu taron gari. Sati biyu kafin ranar zai fara bugo mini waya: a kafa rumfuna, a ɗauko kujeru, a kira mai lasifika, a nemo awaki uku. Shi kuma ya iso da mota shaƙe da ruwan gora, da biskit, da farantan roba na ci-ka-yar, da balan-balan. Shekara tara ban shiga coci ranar Kirsimeti ba. Ina bayan gida cikin hayaƙi ina faɗa da masu girki, abincin ma a tsaye nake cin sa in na samu.

Mama tana da saniya guda mai suna Maua. Ba ta fita kiwo, ganyen ayaba da ciyawa ake yanko mata daga gona. Bara, bayan taro ya watse, iska ta kwashi tarkace ta watsa cikin ayaba. Mun tsince abin da ido ya gani. A watan Fabrairu Maua ta daina cin abinci, ta rame, ta kwanta ba ta tashi ba. Da likitan dabbobi ya buɗe cikinta, sai ga dunƙulen leda ya kai kan mutum, har da zaren balan-balan ja da kore.

Mama ba ta yi kuka a gabana ba. Ta daɗe tana kallon abin, sannan ta ce, "Ashe da hannunmu muka ba ta."

Ba ta sake ɗaga maganar ba sai Nuwamba. Na je duba ta wata Asabar, na tarar ta tsinko ganyen isale huɗu daga shingen gida, ta ƙulle kowanne. A wajenmu, wanda aka miƙa wa wannan ganye haɗe da roƙo ba ya cewa a'a, ko da gabar shekara goma ce a tsakani.

Ta miƙo mini ɗaya ta ce, "Wannan naki ne. Sauran ki aika wa 'yan'uwanki a mota. Ki rubuta musu, bana kowa ya zo hannu rabbana. Ba rumfa, ba kiɗan inji, ba roba ko ta cokali. Abin da gonar nan ta ba mu shi za mu ci, kuma kowa zai sa hannu a aikin."

"Mama, Yaya Rumisha zai haɗiyi zuciya fa."

"Ya haɗiya. Ni na haife shi, na san faɗin maƙogwaronsa."

Kwana uku tsakani wayata ta yi ƙara. Rumisha ne, ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Aikande, ke kika kitsa wannan, ko? Ganye cikin ambulan! A gaban masu ciniki na buɗe shi. Kin san abin da za a ce a gari? Za a ce Rumisha ya karye."

"To ka mayar mata da ganyenta mana, Yaya."

Ina jin hucinsa ta wayar. "Kin san ba zan iya ba," ya ce, ya kashe.

Ana jibi Kirsimeti ya iso da rana, shi da matarsa Siya da 'yan matansu biyu, bayan motar fayau. Wani dattijo maƙwabcinmu, Mzee Lyimo, yana zaune a bakin hanya, ya taso da sandarsa ya leƙa ciki, ya sake leƙawa.

"A'a, Rumisha! Motar ce ta rame ko mai motar? Kada ka ji kunya, ɗana, haka birni yake, yau gare ka gobe ga wani. Ayaba dai ba ta ƙarewa a gidan uwarka."

Rumisha ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba, ya shige ciki. Da ya gai da Mama, ta shafa kansa ta ce ya yi ƙiba, sannan ta nuna masa gatari da tarin itace. Ƙannenmu biyu, da suka riga shi isowa daga Arusha, suna can suna saro ayaba. Siya ta ɗaura zani ta zauna muna ɓare ayaba tare. 'Yan matan suka tambayi kakarsu ina bishiyar Kirsimeti, ta nuna musu itacen kofi da ke ƙofar ɗaki ta ce, "Ga ta nan da ranta. Ku yi mata ado, amma kada ku karya mata reshe." Suka wuni suna saƙa taurari da busasshen ɓawon itacen ayaba.

Ranar Kirsimeti da sassafe muka ɗora mtori, miyar nan ta ayaba da nama, muka bar ta a kan garwashi, Rumisha ya gyara akuya guda. Muka tafi coci dukanmu. Na zauna kusa da Mama da sabon ɗankwali. Da aka ta da waƙar farko sai na ga na manta baitoci biyu, na yi ta motsa baki kawai, Mama tana zungurina tana dariya.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne sabo. Muna dawowa gida sai ga mutane a bayanmu, irin waɗanda suka saba cin Kirsimeti a rumfar Rumisha, sun fi talatin. Suka tsaya a tsakar gida suna waige-waige, ba kujera, ba kiɗa. Rumisha ya ja ni gefe, goshinsa duk gumi.

"Kin gani? Akuya ɗaya! Ba ni makullin motar can, yanzu zan sauka Moshi in ciko ta."

Mama ta ji shi. Ta ce, "Zauna, Rumisha." Sannan ta fita tsakiyar mutane da ludayi a hannu. "Sannunku da zuwa, barkanmu da Kirsimeti. Bana ba biki muke yi ba, zama muke yi. Tukunyarmu ɗaya ce. Duk wadda ta bar tata a kan wuta ta je ta ɗauko, mu haɗa mu ci tare. Maza kuma kowa ya zo da abin zamansa."

Wasu suka juya suna gunaguni, na ji wata tana cewa dama an faɗa, arziki ya ƙare. Waɗannan ba su dawo ba, kuma na ga abin ya soki Yaya. Amma kafin rabin awa sai ga mata suna shigowa, wannan da shinkafa, waccan da wake da ayaba, wata da kaza a kasko. Mzee Lyimo ya zo a ƙarshe, an riƙo masa bokitin giyar ayaba da ƙoƙuna, yana ba da umarni kamar shi ya kira taron.

Muka gasa ganyen ayaba a wuta ya yi laushi, muka shimfiɗa a ciyawa, aka zuba abinci a kai. Miya kuma a kwanukan Mama da na maƙwabta. Ban taɓa cin abin da ya kai na ranar daɗi ba, wataƙila don a zaune na ci shi. Da aka gama, aka naɗe ganyen aka watsa wa awaki, wanke-wanken kuma bai ɗauke mu komai ba.

Da yake babu injin da ke toshe kunne, hira ta samu wuri. Mzee Lyimo ya ba da labarin yadda shi da Baba suka taɓa bin alade a gonar kofi, aladen ya juyo ya bi su har kan bishiya. Rumisha bai taɓa jin labarin ba. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce a sake faɗa masa daga farko.

Siya ta matso kusa da ni ta rage murya. "Ba ki sani ba, Aikande. Duk shekara tun Oktoba ba a shan ruwa da daɗi a gidana. Waya, tsaki, faɗa da kowa. Bana har kasuwa ya raka ni."

Da niyyar Rumisha ya koma Dar kwana biyu bayan Kirsimeti. Amma washegari mazan unguwa suka fito gyaran magudanar da ke kawo ruwa daga dutse zuwa gonaki, wadda ƙasa ta toshe tun ruwan Nuwamba. Mzee Lyimo ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya: "Ina mutumin birni? Ko hannun ya manta fartanya?"

Rumisha ya ari takalmin ruwa ya bi su. Sau biyu santsi ya kwashe shi, tafin hannunsa ya yi bororo, ya dawo yana rantsuwa ba zai koma ba. Kashegari shi ya riga kowa fita. A rana ta uku, wajen azahar, ruwa ya gangaro cikin gonar Mama, 'yan matansa suka bi shi da gudu suna ihu har gindin ayaba ta ƙarshe.

Na kai masa shayi, na same shi kwance a ciyawa ƙarƙashin inuwa, taɓo har gwiwa, baki buɗe, yana minshari. Wayarsa tana ta ƙara a kan taga. Na miƙa hannu zan tashe shi, Siya ta riƙe ni.

"Bar shi," ta ce. "Ba ni shayin in sha, kada ya huce."