Hujin da Kawu Ya Toshe

Tun ranar da birkin tifar Yayana ya yi zafi a gangaren wurin fasa dutse, har ta kusa kai shi rami, ya ƙudurta sai ya sa mata birkin salansa, wato birkin hayaƙi. Murfin ƙarfe ne da ake ɗaurawa cikin bututun hayaƙi. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur sai ya rufe, hayaƙi ya taru, injin ya riƙe motar da kansa. Ya kai ta garejin Kawunmu, ni kuma na bi shi, domin tun da na gama jami'a ba ni da wurin zuwa da safe.

Na tarar da murfin a kan benci, bai ma huce ba. A tsakiyarsa akwai ɗan huji da masu ƙera shi suka bari da gangan, Kawu kuwa ya cike shi da walda, ya goge sumul. Ya ce shi bai taɓa ganin murfi mai huji ya rufe komai ba, kuma ba zai bar ɗan ƙanwarsa ya hau gangare da kayan algus ba.

Na yi bayani a hankali, cikin ladabi. Hujin nan shi ke rage matsin hayaƙi. Bawul ɗin da ke fitar da hayaƙi, sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai dannuwa, shi ne kaɗai ke riƙe shi a rufe, na wannan injin kuwa tsofaffi ne, ba a taɓa canza su ba. In matsi ya fi ƙarfinsu, bawul zai buɗe ba lokacinsa ba, fistin da ke hawa da sauka cikin injin ya taso ya same shi. Ko dai a sake huda murfin, ko a sa sifirin masu ƙarfi. Injin da gidanmu ke ci da shi ne.

Kawu ya lalubo wani tsohon sifirin daga kwandon tarkace ya miƙo mini.

“Danne shi da hannunka, Injiniya. In ka iya, na yarda iska za ta iya.”

Na kasa, ba shakka. Na ce tafin hannu ba ma'auni ba ne, amma dariyar Yaya ta riga ta cinye maganata. Shi abin da ya dame shi daban ne: motocin abokansa suna ruri idan suna gangarowa, tasa ma yana so a ji ta tun daga nesa.

Da aka ɗaura murfin, mu uku muka hau don gwaji, ni a tsakiya, gwiwata tana gogar sandar giya. Da muka kama gangare murfin ya rufe, motar ta yi wani irin gurnani, ta dafe ƙasa. Yaya ya dube ni yana murmushi, ya ƙara sauke giya, injin ya ɗauki kuka. Sai muka ji ƙas, ƙas, kamar ana dukan tukunya da guduma. Motar ta hau karkarwa, farin hayaƙi ya turnuƙe madubi.

Yaya ya gangara gefen hanya ya kashe ta. Kawu ya daɗe yana kallon bonet. Ni kuwa ina jiran a ce ko da kalma ɗaya, cewa na faɗi gaskiya.

“Kai ka yi mata baki,” in ji Yaya. “Tun safe bawul, bawul, har sai da ta ji.”

Kawu ya gyaɗa kai, ya ce lallai yaron nan bakinsa ba kyau. Sannan suka ce in sauka in nemo dutse in sa wa taya.