Farin Layi a Jikin Shaf

Duk sabon shaf da na ɗaura wa ƙaramar motar tseren Yaya, sai na ja masa miƙaƙƙen layi da farin fenti. Shaf shi ne ƙarfen da ke juya tayar gaba. In ya fara murɗewa, layin ne zai nuna.

Ranar gasa, bayan zagayen farko, na ɗaga motar da jak, na shiga ƙarƙashinta. Layin shaf na hagu ya karkace.

Yaya ya ce, "Auta, sauke min mota, an kusa kiranmu."

Na ce, "Yaya, sai na canza wannan. Zai karye maka a kwanar hanya."

"Da wannan sanyin jikin naka? Kafin ka gama an raba kofi!"

Na nuna masa wurin da layin ya karkace. Ya durƙusa, ya daɗe yana kallo. Can ya cire hular kwano, ya kwanta kusa da ni.

"Miƙo sifana, ni zan kwance notin."

Muna cikin mayar da tayar muka ji motoci sun tashi babu mu. Yaya ya goge hannunsa a rigata, ya ce, "Na daman fa, ka duba shi?"