Kurmin Kowa

Jan fenti ta fara gani a jikin tsamiyar bakin tafki. Nagoggo ta ajiye kwandonta ta bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Gawo, kanya, kukoki uku, duk an yi musu shaida kamar tumakin kasuwa.

Ko gezau ba ta yi ba. Kurmin nan na gefen hanyar Maraɗi, mijinta marigayi Malam Arzika ne ya yi wakafinsa a gaban liman da mai unguwa. Ya ce ba sayarwa, ba gado, ba saran ɗanye, sannan ya damƙa mata amanarsa. Shekara goma sha ɗaya tana korar masu gatari da baki kawai, bakin da duk Jibiya an san kaifinsa. Mata na tsinkar kuka, shanun Fulani na shan ruwa kafin su tsallaka iyaka.

Sai ga kuɗin fasa-ƙwaurin fetur sun shigo gari, ɗanta Lawwali kuwa ya damƙi rabonsa har ya sayi manyan motoci biyu.

"Inna, tashar motoci nike son yi," in ji shi. "Hili shina kwance a banza."

"A banza? Kai da ka ci kanya nan har cikinka ya ɗaure? Tashi ka ba ni wuri."

*

Ranar Talata wani ma'aikacin ofishin filaye mai suna Dauda ya zo da fayil. Mutum ne mai ladabi, har durƙusawa ya yi.

"Mama, filin nan na waye?"

"Na kowa ne, ɗana."

"Ina nufin sunan wa ke kansa. Akwai takarda?"

Ta yi dariya. "Takardar mi? Liman ya shaida kahin shi rasu, mai unguwa ya shaida. Ba nawa ba ne, ba na Lawwali ba ne. Babu mai shi sai Allah."

Dauda ya rubuta abin da fom ke da gurbinsa: babu mai shi. Ta dangwala yatsa da murna, ta koma gida tana gaya wa maƙwabta cewa yau gwamnati ma ta shaida. Ba wanda ya faɗa mata cewa a ofis, filin da babu mai shi na wanda ya fara nema ne, kuma tuni Lawwali ya nema. Mai unguwa kuwa, tun da sabon babur ya shiga gidansa mantuwa ta kama shi.

*

Da katafila ta iso, Nagoggo ta je gindin tsamiyar ta zauna, ta miƙe ƙafa. Ta dubi ɗanta da ke tsaye kusa da direba.

"Lawwali, ka ce mishi shi taka ni."

Lawwali ya kasa ɗaga kai. Ya yi wa direba alama ya kewaye ta. Kafin la'asar sauran itatuwan sun kwanta, washegari aka cike tafkin da jar ƙasa.

*

Da tsamiya ta nuna, ta ɗauki kwandonta ta tafi. An kewaye wurin da waya, tireloli sun yi layi, tsamiyar na tsaye ita kaɗai an kafa mata allon tasha da ƙusa. Mai gadin baƙo ne, bai san ta ba. Ya tare ƙofa da sandarsa.

"Baba, wurin wa kika zo?"

Nagoggo ta buɗe baki, ta daɗe a tsaye riƙe da kwandon, ta rasa sunan da za ta kira.