Kalandar da Ta Ƙare a Disamba

"Ni wannan maɓallin ne ban yarda da shi ba," in ji Holger, yana nuna wa abokan aikinsa allon kwamfuta da cokalin kofi. "Ku dubi yadda gefensa ya lanƙwashe. Kamar dariya yake mini."

Solveig Granqvist ta dubi agogo. Ƙarfe biyu saura kwata, ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Yuni, zama na goma sha ɗaya kan magana guda.

Ɗan kamfaninsu na birnin Umeå a ƙasar Sweden manhaja ɗaya tak yake da ita, wadda likitocin dabbobi ke rubuta ranar duba shanu a cikinta. Fuskar manhajar kuwa, wato maɓallai da jadawali da kalanda, ƙunshi ne da suka saya a shirye shekara goma sha tara da suka wuce, kamar yadda magini ke sayen ƙofa da taga. Mai ƙunshin ya yi ritaya ya koma kiwon zuma, kalandarsa kuma ta ƙare a Disambar bana. Bawan Allah bai taɓa zaton wani zai kai nan da kayansa ba.

Dole a zaɓi sabon ƙunshi, kuma biyu suka rage ana gardama a kansu: Pilform da Kvistra. Shugabansu Pontus ya riga ya faɗa da murmushi cewa in ba a daidaita yau ba, Solveig za ta zauna watan Yuli ta sake gwaji, sauran su tafi hutu. Ita kuwa ta yi wa mahaifiyarta alkawarin kai ta tsibirin da aka haife ta. Tsohuwar tana da shekara tamanin da takwas, kuma ta ce ba ta jin za ta ga wani Yulin.

"Pilform ya fi sauri," in ji Mirja. "Na zuba masa bayanan saniya dubu arba'in, ko gezau."

"Wa ke da saniya dubu arba'in, Mirja?" in ji Holger. "Kvistra dai. Maɓallinsa na da kusurwa, ya san mutunci."

"To ka aure shi mana."

Pontus ya tafa hannu a hankali. "Madalla, ra'ayoyi masu kyau. Yaya muke ji a ranmu?"

"Mu kaɗa ƙuri'a," in ji Solveig.

Duk suka zuba mata ido, sai ka ce ta zagi uwar wani. A wannan ofis ba a ƙuri'a, don ƙuri'a tana fitar da wanda aka kayar, shi kuma zai zauna shan kofi da kai har shekara ashirin. Sai dai a yi ta zama har kowa ya yarda, ko ya mutu.

"Ko mu raba?" in ji Pontus. "Maɓallin 'To' daga Kvistra, na 'Fasa' daga Pilform."

Suka gwada. Allon ya fito da maɓalli ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, sannan kwamfutar ta ɗauke gaba ɗaya. Holger ya ce laifin 'Fasa' ne. Mirja ta ce ko kwamfuta ta gaji da shi.

Solveig ta jawo tata kwamfutar ta buɗe Stubba, ƙunshin da suka yar tun zaman farko. Launinsa na toka, rubutunsa ƙanana, maɓallansa kamar bulon siminti.

"Kai! Wannan ai muni ne tsagwaronsa," in ji Mirja.

"Ban taɓa ganin abin ƙyama irinsa ba," in ji Holger.

Suka dubi juna. Tun watan Afrilu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba sai yau.

"Ke ma ba kya son sa, Solveig?" Pontus ya tambaya.

"Na tsane shi."

"Wato babu wanda ya yi nasara kenan." Fuskarsa ta washe. "Ina jin mun daidaita!"

Holger ya miƙa wa Mirja burodin kirfa, ta karɓa. Aka bar wa Solveig cike takardar shawara, sauran suka fita neman sabon kofi suna hirar sauro da kwalekwale.

Tana bin jerin kayan Stubba da yatsa don ta kwafa. Maɓalli, akwai. Jadawali, akwai. Ta kai ƙasa, ta koma sama, ta sake saukowa. Babu kalanda. Ko alamarta babu, kuma a zama goma sha ɗaya ba wanda ya duba.

Kunya ta kama ta, don ita ba maƙaryaciya ba ce, kuma ta san likitocin nan da sunayensu.

Pontus ya leƙo, jakarsa a kafaɗa. "Akwai abin da ya rage, Solveig?"

Ta dubi allon. Daga Agusta zuwa Disamba wata biyar ne, kuma ta taɓa gina abin da ya fi kalanda wuya. Za ta gina ta da kanta idan an dawo hutu.

"Babu abin da ba zai jira Agusta ba," ta ce.

A gurbin da aka rubuta "Dalilin zaɓi" ta sa: "Babu mai son sa." Ta rufe kwamfutar, ta ɗauki waya.

"Mama, ki sa rigar sanyi a jaka. Ƙarfe takwas jirgin ruwan zai tashi."