Baƙon Malachy Furlong

"Ki ce masa na riga na mutu," in ji Malachy daga kan gado.

Matarsa Nuala ta dube ni. Ni maƙwabciyarsu ce, miya kawai na kawo. Wanda ke tsaye a ƙofa cikin ruwan sama kuwa Dessie Roche ne. Shekara ashirin shi da Malachy suka yi suna sauke kwal tare a tashar jiragen ruwa, kafin ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da Malachy takara ya tafi majalisa a Dublin. Sau huɗu unguwarmu tana zaɓensa. A zango na huɗu jam'iyyarsa ta shiga gwamnatin haɗaka, ya ɗaga hannu a majalisa aka rufe tashar. Tun ranar Dessie bai ƙara gaishe shi ba, ko a coci.

Bai jira izini ba, ya shigo takalmansa na ɗiga.

"Ashe kana nan, ranka ya daɗe ɗan majalisa."

"Gawa ka zo kallo? Ka yi sammako."

Dessie ya ja kujera ya zauna. "Mutum ɗari uku suka rasa aiki, Malachy."

"Ɗari uku da sha biyu. In karanto maka sunayensu?" Tari ya sarƙe shi, Nuala ta tallafe kansa. "Da na ƙi, da gwamnati ta faɗi, waɗanda za su hau kuma su rufe tashar ba ko fansho."

"Haka ka faɗa a rediyo. Mu ba ka zo ka faɗa mana ba."

Malachy ya daɗe yana kallon silin. "Tsoro na ji," ya ce.

Dessie ya ce, "Nuala, wa ke yi wa mutumin nan aski? Dubi gemu kamar na bunsuru." Ta kawo reza da ruwan ɗumi, ya naɗe hannun riga.

Kwana tara yana zuwa kullum da hantsi. Ban taɓa jin sun koma kan maganar tashar ba, sai gardamar tseren dawaki. Ranar Alhamis da safe Malachy ya cika.

Bayan mako guda na leƙa ta katanga, na ga Nuala ta toshe tagar ɗakin kajinta da wani tsohon allon kamfe. Fuskar Malachy ce a jiki, tun da sauran ƙuruciyarsa, ruwa na gangarowa a kanta.