Gasar Furotin

Baba da ƙanensa Baffa ba su taɓa yin abu ba tare da gasa ba. Har hawan jini sun yi gasarsa.

Ni kuwa a ɗakin gwaje-gwajen asibiti nake aiki. Da atishawa da ƙaiƙayin ido suka addabi Baba, likita ta turo shi wajenmu. Na ɗebi jininsa, na juya shi a na'ura har ruwan ya rabu, sannan na auna wani furotin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke fitarwa idan borin jini ya tashi. Nasa ya hau sosai.

"Na wuce na kowa ke nan?" in ji Baba.

"Baba, ba abin murna ba ne."

Ina! Kafin in tashi daga aiki labari ya kai wa Baffa. Washegari sai ga shi a bakin tagar ɗakin gwajinmu, ya naɗe hannun riga.

"'Yata, auna ni."

"Me ke damunka, Baffa?"

"Babanki."

Na auna don a zauna lafiya. Nasa daidai yake, lafiya lau. Da na gaya masa, sai ya ɓata rai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya tsaya yana tambayata me ke tayar da furotin ɗin. Ni da shegen son bayani na zayyana masa: ƙura, furen itatuwa, gashin kyanwa ga wasu. Ya ce shi fa tun yana yaro kyanwa ke sa shi tari. Ya yi godiya ya tafi da sauri.

Bayan 'yan kwanaki matarsa ta riƙo shi zuwa asibiti, idanu sun kumbura sun rufe, ƙirji na busa kamar sarewa. Ashe kyanwar maƙwabta ya aro, yana kwana da ita a kan filo ɗaya. Likita ta yi masa allura, ta yi masa faɗa tas, ta ce mutum na iya mutuwa a haka. Yana samun numfashi ya lalubo hannuna.

"Ɗebi yanzu, kafin ya sauka."

Wannan karon likita ce da kanta ta nemi gwajin. Ya zarce na Baba nesa ba kusa ba.

Baba ya zo dubiya, ya ji sakamakon, ya ce maguɗi ne, nasa daga Allah ne, na wani kuwa aro.

Masu kyanwa suka zo karɓar abarsu, ta ƙi bin su. Matar Baffa ta ce a bar ta, ɓerayen da maigida ya kasa kamawa tun aurensu ta gama da su. Tunda kyanwa ta samu wurin zama a gidansa, Baffa aka sallamo zuwa falonmu da jakar magunguna. Mama ta shimfiɗa masa katifa kusa da kujerar Baba, ta ce duk wanda ya sake ambatar furotin ya nemi mai dafa masa abinci.