Wayar da Na Ɗaura

Shekara talatin da huɗu na yi ina jan motar auduga daga Funtua. Ban taɓa kiran mai gyaran wayar mota ba. In fiyus ya ƙone, sai in yanko wayar jan ƙarfe in ɗaure shi, mota ta tashi. Haka aka koya mana.

Bara jikata Raudatu ta zo da abokan karatunta biyu, Awaisu da Olawale ɗan Raufu mai sayar da kayan mota. Ta ce aikin gama makaranta aka ba su, za su haɗa fitilun cikin mota masu bin umarnin kwamfuta, kuma tsohuwar motata suke so.

"Angona, ara mana gwauruwar nan taka, mu yi mata kwalliya," in ji ta.

Na ce motar ta girme ta, ta fi ta kunya. Na ba su makulli.

Sati shida suka yi a ƙofar gidana. Raudatu ke rubuta umarni, Awaisu ke jera fitilu, Olawale ke haɗa waya. Kowa da makinsa a kan sashensa. Suka sa wani ɗan allon kwamfuta kore a cikin akwati ƙarƙashin kujera. In ka buɗe ƙofa, haske ya taso a hankali wajen ƙafa. In ƙofa ba ta rufu ba, ya koma ja. Ban yaba ba, amma nakan buɗe ƙofar in ba kowa. Olawale ya nuna mini wani ɗan fiyus, ya roƙe ni in ya ƙone in kira shi. Na tambaye shi shekararsa nawa. Ya yi dariya ya sunkuyar da kai.

Saura kwana uku malaminsu ya zo dubawa, na kai masara kasuwar Bakori. Buhu biyu na cusa a bayan kujera, ƙila su suka murje wata waya. A hanyar dawowa na tsaya, na buɗe ƙofa, ba haske. Na duba, fiyus ya ƙone. Ina da wayar jan ƙarfe a aljihu. Na ɗaure shi kamar kullum.

Hayaƙi ya fito daga akwatin, da wari kamar an ƙona roba. Na fizge wayar. Na mayar da mataccen fiyus inda yake, na rufe akwati, na sauke gilashi har Funtua don warin ya fita.

Washegari suka iske allon ya yi baƙi. Raudatu ta tambaye ni ko na ga wani abu. Na ce ni tuƙi na sani. Awaisu ya ce ai dama haɗin Olawale ne, tun farko ya ce dalmarsa ba ta kama ba. Olawale ya yi ta juya fiyus ɗin a hannu, yana cewa bai gane yadda wuta ta wuce shi ba. Sannan ya zo gabana ya durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Da motarka ta kama wuta kana ciki, ban san me zan ce wa babana ba."

Na ce ya tashi. Abin da na iya faɗa ke nan. Ranar ban ci tuwo ba.

Malaminsu, Malam Aƙilu, ya zo ranar Alhamis da hantsi. Ya leƙa akwatin, ya tambayi wa ya haɗa wayoyin. Olawale ya ɗaga hannu. Malam ya ce sauran biyun za a duba aikinsu a takarda, shi kuwa sai ya maimaita shekara, don wanda haɗinsa ke ƙona mota bai isa a sake shi ba. Ya zaro biro.

Ina zaune a kan benci. Na tashi, na ciro wayar daga aljihu, duk ta yi baƙi, na ajiye a kan bonet.

"Malam, fiyus ɗin yaron ya yi aikinsa. Ni na ɗaure shi da wannan. Na kuma ɓoye."

Maƙwabcina Ɗanasabe yana tsaye, ya ji komai. Malam ya ɗauki wayar ya duba, ya mayar da biro aljihu. Ya ba su sati biyu su sake haɗawa. Awaisu ya ba Olawale haƙuri. Olawale bai dube ni ba, kuma na san don kada ya ƙara mini kunya ne.

Na sayar da buhu ɗaya, aka sayo sabon allo. Sun gama, duka ukun sun ci. Sabon akwatin da ɗan kwaɗo suka rufe shi. Olawale ne ya miƙo mini makullin kwaɗon da hannu biyu. Na ce ya riƙe.

Raudatu ta yi wata guda ba ta ce mini angona, sai Alhaji.